Shekarar da Na Goge Muryar Hafsatu

Na san abin da za ku ce: Malama Dije ko talatin ba ta kai ba, wane tarihi gare ta da za ta zauna tana rubutawa kamar wata tsohuwa? To ku yi haƙuri da ni. Wannan babin don ku na rubuta shi, ku da kuka zauna a gabana a aji huɗu shekarar da ruwa ya ci makarantarmu. Yanzu kun girma, wasunku har sun fi ni tsawo, amma kwanan baya na ga ɗayarku ta zo wucewa ta bayan ajin nan da rana tsaka, ta tattare zani ta kama gudu tana addu'a. A nan na san akwai abin da ban gyara ba. Na je na nemi izinin wadda take da hakkin maganar, ta ce in faɗa muku, ta gaji da ganin ana tsoron 'yarta.

Gyara dai ba a makaranta na koya ba, kun sani. A bidiyo na koya, da matattun wayoyin gidanmu na Haɗeja, in kwance in ɗaura, wuta ta ja ni in yi ihu in sake komawa. Da aka turo ni koyarwa ƙauyen nan na ƙasar Kirikasamma, na sauka gidan Gwaggo Falmata, ƙanwar babana, ita ce ma ta laƙaba min Injiniya, ba kuma don yabo ba. A shekarar na buɗe shafi a intanet, ni da ire-irena malaman ƙauye, muna kai kukan kayan aikinmu. Wannan ya ce batirinsa ya kumbura kamar burodi, waccan ta ce gara ta yi gida a cikin kwamfutar makarantarsu, wani ya ce tunda aka kawo musu majigi bai taɓa ganin wuta ba sai ranar da baƙi suka zo. Wallahi daɗin shafin nan nake ji fiye da abinci. Sai na hau kan jinga, tudun nan da ake tare ruwa da shi, nake samun sabis, in tsaya a rana ina amsa wa mutane tambaya har la'asar ta wuce ni. Duk abin da na gyara, kafin in wanke hannu na riga na ɗora labarinsa.

Mu abin taƙamarmu akwatin nan ne. Wata ƙungiya ce ta ba makarantar, girmansa kamar rediyo, da sifika, da darussan karatu a cikinsa, kuma yana ɗaukar murya. Farantin sola a kan rufi, shi kuma an yi masa kejin ƙarfe an liƙe a bango kusa da tagar baya, saboda ɓarayi. Kuna tuna yadda nake kiran ku ɗaya bayan ɗaya ku yi karatu in ɗauka, in kunna muku ku ji kanku kuna ta dariya kuna rufe fuska? Ta ƙarshe da na ɗauka ita ce Hafsatu, 'yar Malam Bukar masunci. Ranar ruwa ya riga ya cika fadama. Tana cikin karatu ta ce ana kiranta, ni kuma idona yana kan akwatin, na ɗaga mata hannu ko kallon ƙofa ban yi ba. Abinci ta je kai wa babanta a ƙetare. Kwalekwalen ya kife a tsakiyar kacalla, ciyawar nan mai tsawo da ta toshe mana hanyoyin ruwa. Manya biyu da ke ciki sun fita, ita kwana bakwai ana nema ba a same ta ba. Kafin a gama zaman makoki jinga ta ɓalle, ruwa ya shiga makaranta har ƙirjin babban mutum.

Sai da kaka ta yi muka koma. Littattafai duk sun zama kunu, allo ya banƙare, ga layin laka a bango ya ratsa ta tsakiyar akwatin. Ba mu da abin koyarwa sai shi, in zai tashi. Na kwance bayansa a cikin kejin, na goge tsatsa da buroshin haƙori. Batir ya mutu, makunni ya lalace, don haka na haɗa wayar sola kai tsaye, na murɗe ta da hannu a gefen taga. Akwatin bai tashi ba. Na bar shi haka na ci gaba da koya muku da bakina da alli. Washegari da hantsi, daidai lokacin da inuwar gawon nan take sauka daga kan rufi rana ta bugi farantin, muna tsakiyar lissafi, sai na ji wani tsaki a bayana kamar an jefa ruwa a mai. Sannan murya, a hankali, da nauyi, kamar mai magana da ruwa a baki.

"Sunana Hafsatu, aji huɗu. Ladi ta je kasuwa. Ta sayo gishiri da manja. Ta dawo gida ta..."

Sai shiru mai ɗan tsawo, ba ka jin komai sai shuuu. Sannan:

"Malama, ana kirana."

Ƙit, ya ɗauke. Ba wanda ya yi ihu, abin da har yau yake ba ni mamaki ke nan. Kun zauna kamar an dasa ku. Sai wadda take zama kusa da Hafsatu a da ta ja jikinta a hankali ta matsa, ta bar fili a gefenta. Akwatin ya sake tsaki ya faro daga farko. Na fizge wayar, na juyo ina murmushin ƙarfin hali ina muku bayani: ruwa ne ya taɓa ƙwaƙwalwarsa, ya maƙale a kan abu na ƙarshe da ya ɗauka, wuta na zuwa sai ya maimaita, shi ke nan fa, ba wani abu ba ne. Gaskiya na faɗa muku.

Da yamma na hau jinga na ɗora a shafi. Ban faɗi sunanta ba, na ce dai akwati ya sha ruwa ya maƙale a kan muryar ɗalibar da ta rasu. Wata ta ce in binne shi a buhun shinkafa, na ce mata shinkafa kam muna da ita amma akwatin a liƙe yake da bango. Wani ya ce in yi masa tofi. Wani ya ce in ɗora muryar su ji, wata dattijuwar malama ta wanke shi tas, ta ce ɗan wani ba abin kallo ba ne. Kullum in kun tashi sai in haɗa wayar in gwada wata dabara, kullum kuma Hafsatu ta aiki Ladi kasuwa, ta ce ana kiranta. Na ji ta ya fi sau arba'in. Na ɗauka ma a wayata don in tura wa masu gyara. Na so in ɓalle kejin in kai shi gida in yi aikin a natse, Gwaggo ta ajiye muciya ta dube ni.

"A gidan wa? Injiniya, ki shigo min da kunama ma na yarda. Wannan kam a'a."

Ranar Juma'a na cire wayar da hannuna, na naɗe ta na rataye a ƙusa. Ina da tabbaci, don har hoto na ɗauka. Ranar Asabar da hantsi mata suna wucewa yankan shinkafa ta bayan makaranta, ba kowa a ciki, ƙofa da kwaɗo, suka ji Hafsatu tana karatu. Wata ta yar da lauje a wurin, ba ta koma ɗauka ba. Ranar Litinin na buɗe aji na tarar da wayar a haɗe. An murɗe ta tsaf, amma ta hagu, ni kuwa ta dama nake murɗawa. A kan dakalin taga ga laka, ta bushe, da ɗan ganyen kacalla a manne. Na tsaya ina kallo, na ji gashin jikina yana tashi ɗaya ɗaya. Ni ce fa mai cewa komai yana da dalili. Na sake cirewa. Asabar ta zagayo, aka sake ji.

Daga nan gari ya ɗauka. Aka ce mutanen ruwa ne suke riƙe da ita, su ne masu kiran, kuma za ta zo ta tafi da abokan zamanta. Ajin da kuke fin arba'in ya koma ku tara. Aka tura ku gona korar tsuntsu, kuma duk malamin ƙauye ya san yaron da ya yi wata guda a gona da wuya ya dawo benci. Hedimasta, Malam Garba, ya kira ni gindin gawo, ya ƙi ma shiga ajin.

"Malama, ni ban ce aljani ne ba, ban kuma ce ba shi ba ne. Zuwa Alhamis, ko ki fitar da yarinyar nan daga akwatin nan, ko in kira mai walda ya yanke shi in jefa a kogi da hannuna."

"Yallaɓai, darussan fa? Ba mu da littafi ko ɗaya."

"Darasi wa za ki koya wa? Benci?"

A daren Talata wani malami daga wajen Jahun ya rubuto a shafi, na gani da safe. Ya ce irin akwatinsu ne. In an danne maɓallai biyu na gefe lokacin da wuta ta shigo, zai koma kamar sabo, darussa za su dawo, amma duk muryar da aka taɓa ɗauka za ta goge, ba ta dawowa. Wallahi tsalle na yi a kan jinga. Sai da na sauko na tuna muryar wa ake magana. Hafsatu ba ta da hoto ko ɗaya, ba ta da kabari. Abin da ya rage nata a duniya shi ne Ladi da gishiri da manja. Na ce ba zan taɓa ba sai na tambayi iyayenta, ina ta jin kaina mai hankali.

Na sami Malam Bukar a bakin ruwa yana ɗinkin komar kamun kifi. Na gaishe shi na yi bayani, bai ɗago ba sai da na kai ƙarshe.

"Malama, ban samu na binne ta ba. Kuma kullum ina kan ruwa iska tana kawo min ita tana karatu. Ki goge, don Allah."

"Akwai wadda na ɗauka a wayata, ko in ajiye muku..."

"Har da ita. Yanzu, ina gani."

Na goge a gabansa. Daga nan na wuce gidansu. Mahaifiyarta, Yagana, tana tsakar gida tana sheƙar shinkafa, surukarta tana zaune a kan tabarma, ga matan maƙwabta biyu suna tsince tsakuwa. Na durƙusa na gaishe su, na juya na ce, Yaya Yagana, ga abin da ya kawo ni. Faifai bai tsaya a hannunta ba.

"Ni me ya haɗa ni da ita? 'Yar kakarta ce. Ki tambayi masu ita."

Kakar ta share hawaye ta ce abin da Bukar ya ce shi ne. Na taso da sauƙi a zuciyata. Da na koma gida ina ba Gwaggo labari ina cin tuwo, sai na ga ta daina ci.

"Hafsatun nan ba ita ce ta fari a wurin Yagana ba?"

"Ita ce. Amma Gwaggo baki da baki na tambaye ta fa."

"A gaban wa?"

"Surukarta, da su Iya Kande maƙwabtansu."

"Oh ni Falmata. An ba ku ilimi an hana ku ido. Ke uwarki ta taɓa kiran sunan yayanki kin ji? Ranar da mota ta buge shi, a gaban mutane ta yi kukan ko a bayan rumbu? Ki koma ki same ta ita kaɗai."

Kun sani, na sani, kowa a ƙasar nan ya sani: uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna nata ne a gaban mutane, balle a gaban uwar miji. Ba sabon abu Gwaggo ta faɗa min ba. Amma gobe Alhamis, rana sau ɗaya take bugun farantin da ƙarfin da nake so, mai walda kuma an riga an yi masa magana. In kuma faɗa muku wadda ta fi muni: na ƙagu in ga ko dabarar za ta yi. Har na tsara yadda zan rubuta labarin a kaina. Na ce wa zuciyata ai na tambaya, an kuma ba ni amsa. Ban koma ba.

Alhamis da hantsi na tsaya da yatsu biyu a kan maɓallan, ku tara kuna leƙe daga ƙofa. Inuwa ta sauka. Ta fara, "Sunana Haf..." na danne. Fitilarsa ta yi ja, ta yi kore, sai muryar namiji garau ta ce, "Darasi na ɗaya." Kuka yi tafi. Malam Garba ya shigo ajin da ƙafarsa har yana cewa a ƙara masa sauti. Liman ya zo ya yi addu'a, aka zagaya gida gida aka faɗa. A shafi kuwa ranar na zama sarauniya, kowa yana Allah ya ƙara basira. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Kuma kun dawo, kusan dukanku, wannan ma gaskiya ne, ba zan rage masa daraja ba.

Ranar Asabar na je makaranta ni kaɗai don in naɗe haɗin wayar da salatif in ɗauki hoton aikin. Na buɗe, na shiga, na tura ƙofa saboda awaki. Gari tsit, kowa yana fadama, ba ka jin komai sai kukan tsuntsayen ruwa can nesa. Ina durƙushe a bayan benci ina neman almakashi a jaka sai na ji taku a bayan ajin, irin na ƙafar da ta fito daga laka, caɓ, caɓ, a hankali. Ya tsaya daidai taga. Marfin tagar ya motsa. Sai ga hannu ya shigo ta tsakanin ƙarafa, siriri, jiƙe, laka har gwiwar hannu, yana lalube a bango yana neman ƙusar da nake rataye waya. Hannun bai sami komai a ƙusa ba, ya bi bango ya taɓa wayar, ya ji ta a haɗe, ya tsaya a kanta yana jira. Inuwar gawo ta sauka daga rufi.

"Darasi na ɗaya," in ji akwatin.

Hannun ya ƙame. Sai a lokacin na ga awarwaro a wuyansa. Na miƙe da ƙyar na leƙa. Yagana ce, da lauje a ɗaya hannun, ta ratso ta cikin fadama don kada a gan ta a hanya. Ba ta gudu ba, ba ta kuma dube ni ba. Akwatin take kallo.

"Malama, yau ba ta yi karatun ba?"

Na rage sautin. Na ce, Yaya, ba a faɗa miki ba? Ta ce an faɗa, ta ɗauka irin na kwanakin baya ne, cire wayar kawai nake yi. Ta ce ta taɓa leƙowa ta ga yadda nake murɗawa. Na ce mata a'a, wannan karon ta tafi ke nan, ko ni ba zan iya dawo da ita ba, ta wayata ma babu. Na fara ba ta haƙuri, na fara cewa ai na zo na tambaye ki, sai na ji kunyar maganar na haɗiye ta. Ta daɗe tana kankare lakar hannunta da farce.

"Ni ce na kira ta ranar," ta ce. "Ba yaron da zan aika, duk suna gona. Na zo nan wurin na tsaya. Na ce ke, ba ta ji ba. Na ce ke yarinya, yara goma suka waiwayo ban da ita. Abincin yana hucewa. Sai na duba ba kowa a bayana, na faɗi sunan."

Sannan ta ce tun ranar da aka raɗa sunan ba ta taɓa faɗa ba sai ranar, sau ɗaya ɗin nan. Ta ce a wurin da karatun yake tsayawa, kafin yarinyar ta ce ana kiranta, in mutum ya manna kunne da ƙarfen taga, a can ƙasa ƙasa akwai muryar mace.

"Ke da kike kusa da shi kullum, kin taɓa ji?"

Na so in ce na ji. Kalma biyu ce, kuma ba mai ƙaryata ni har abada. Amma sau arba'in ɗin nan duk tsakin inji nake saurare, ina neman inda ya lalace.

"Ban ji ba, Yaya."

Ta gyaɗa kai, ba fushi a fuskarta, da ma fushin ta yi.

"Ni ma wata ran ina ji, wata ran iska ce kawai. Shi ya sa nake dawowa." Ta gyara lauje a hannunta. "Da kin bar min Asabar ɗaya, da na tabbatar."

Ta ja min marfin tagar ta rufe a hankali, kamar yadda ta same shi, ta koma ta cikin laka. Na zauna a kan bencinku har azahar, mutumin cikin akwati yana ta koya wa bango haruffa, ban iya tashi na kashe shi ba.